Yadda Ake Kula da Tsohon Gidan Ƙasa da Ya Zama Gidan Tarihi

Wanda ya shiga Gidan Makama a Kano, dab da fadar Sarki, idonsa kan tafi kan kayan da aka jera: tsofaffin hotuna, makamai, tukwane, kayan sana'a. Amma abin da ya fi duk waɗannan daraja shi ne ginin da yake tsaye a cikinsa. Ruwaya ta ce a ƙarni na 15 aka gina gidan domin Muhammadu Rumfa yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya hau gadon Kano a 1463 ya mulka har 1499. Da Turawa suka ci Kano a 1903 sun yi amfani da shi na ɗan lokaci, daga baya aka ware wani sashe ya zama gidan tarihi, wanda yanzu yake hannun Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Haka Gidan Ɗan Hausa a unguwar Nassarawa ta Kano, inda Hanns Vischer, mutumin Basel ta ƙasar Suwizalan, ya zauna ya buɗe makarantar boko a 1909. Yau Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ce a ciki.

Ba ƙarfin ƙasa ne ya kawo irin waɗannan gidaje zamaninmu ba. Hannun magina ne, shekara bayan shekara. Gidan ƙasa da ake kwana a cikinsa, mai ɗaki na ganin ɗigon farko ya kira magini. Da zarar ya zama gidan tarihi, an kulle ƙofa da yamma kowa ya tafi gida, ɗigon nan sai ya kwana yana aiki ba mai gani. Saboda haka duk wanda aka damƙa wa irin wannan gida, ko na hukuma ne ko na zuri'a, aikinsa shi ne ya maye gurbin idon mai ɗaki, kuma ya gyara ƙasa da ƙasa.

Kafin a taɓa bango

Idan gidan na cikin waɗanda gwamnatin tarayya ta ayyana a matsayin kayan tarihin ƙasa, dokar 1979 da ta kafa hukumar ta hana a rushe ko a sauya masa fasali ba da izininta ba. A nemi izinin a rubuce tun kafin a tara ƙasa.

Daga nan a zana taswirar gidan, ko da hannu ne. A ba kowane ɗaki lamba, daga zaure zuwa shigifa, soraye, turaka, har bayan gida, kowane bango kuma a kira shi da gabas ko yamma, kudu ko arewa. A ɗauki hoton kowane bango ciki da waje, da sanda mai tsawon mita ɗaya a jingine don a san girma. Inda akwai zane a jikin bango, a ɗauki hoton da daddare ko a rufe ƙofa, a haska tocila daga gefe, ba daga gaba ba. Inuwa ce ke fito da zurfin zanen da rana ke ɓoyewa. A buɗe littafi guda na gidan, wanda duk gyaran da aka yi zai shiga: rana, ɗaki, wa ya yi, daga wane kududdufi aka ɗebo ƙasa, me aka haɗa.

Tarihin ma yanzu ake tattara shi. A zauna da dattawan zuri'ar gidan da tsofaffin maginan unguwa, kowa shi kaɗai, a cikin ɗakin da ake magana a kai, domin mutum ya fi tunawa idan yana kallon wurin. A tambayi wa ya kwana nan, yaushe aka toshe waccan ƙofa, wace shekara soron ya taɓa faɗuwa. A naɗi murya. Sannan a gwada da takardu da hotunan da ke Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna da Gidan Arewa. A allon bayani, abin da ruwaya ce a rubuta "ana cewa", abin da takarda ta tabbatar a sa shekararsa. Wannan bincike ba ado ba ne. Shi zai gaya muku wane bango ne na asali, wanne ne aka ƙara jiya-jiya, kuma bangon da ya taɓa faɗuwa sau biyu akwai dalili a ƙarƙashinsa.

Rufi da indararo

Ruwa ne babban abokin gaba, kuma daga sama yake fara shigowa. Ku yi lissafi: ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Soro mai rufin murabba'in mita 40, idan aka yi ruwa na milimita 50 a dare ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a watan Agusta, lita 2,000 ce za ta sauka a kansa, wato duro goma. Duk wannan ta bakin indararo biyu ko uku zai fita. Leda ɗaya ta toshe ɗaya, rufin ya zama kwatarniya.

Don haka a hau rufi, ba takalmi mai tauri, mutum biyu kawai a lokaci guda. A share ganye, leda, kashin tantabara. A tuge duk tsiron da ya fito tun yana ƙarami. Ɗan cediya ko durumi da tsuntsu ya kawo irinsa, in ya yi damina biyu saiwarsa ta kai azara. A zuba ruwa bokiti ɗaya daga wuri mafi tudu a bi shi da ido. Inda ya tsaya ya kwanta, a zagaye da alli, nan ne kwari. Kwari kuwa iri biyu ne: wanda ruwa ya zaizaye fatar sama, da wanda azarar ƙarƙashi ta lotsa. A sauka a duba ta ciki kafin a yanke hukunci.

Nan ne ake yawan yin kuskure. An ga kwari, an kwaɓa ƙasa an cike, baɗi an ƙara, baɗin baɗaɗa an ƙara. Ƙasa mai kaurin santimita ɗaya a murabba'in mita tana kai kilo 17 zuwa 18. In aka tara santimita 10 a kan ɗaki mai murabba'in mita 20, an ɗora masa kusan tan uku da rabi, kafin ma ta sha ruwa. Azara ta ƙara lotsawa, kwarin ya ƙara zurfi, a sake cikewa, har ranar da rufin zai zauna. Ƙa'ida ita ce a kankare ruɓaɓɓiyar fata gwargwadon abin da za a mayar. In ana shakkar kaurin rufi, a huda ɗan rami a kusurwa a auna, a rubuta a littafi, a toshe.

Indararo ya fito daga bango aƙalla rabin mita, bakinsa ya ɗan sunkuya. Gajeren indararo a jikin bango yake zubarwa, shi ne dogon kwarin nan da ake gani ya sauko tun daga rawani, wato ɗan bangon da ya kewaye bakin rufi, har ƙasa. Mahaɗar indararo da rawani ita ce ta fi kowane wuri yoyo, domin ƙarfe ko icce ba ya buɗewa da tsukewa daidai da ƙasa. A buɗe wurin duk shekara a sake matse shi. Ƙarƙashin inda ruwan ke sauka a shimfiɗa duwatsu ko jan bulo mai faɗin mita, da hanyar da za ta ja ruwan nesa, kar ya fantsamo gindin bango.

Rawani da zanko su ke fara cinyewa saboda iska da ruwa na dukansu ta kowane gefe. A auna tsawon kowane zanko a ajiye. Ba don haka ba, kowane magini zai sake shi yadda hannunsa ya saba, bayan shekara ashirin fuskar gidan ta zama wata.

Fatar ƙarshe ta rufi, magabata laso suke yi: katsi, wato lakar da ke taruwa a gindin ramin marina, da gashin da ake karkarewa a majema, da ruwan dafara mai yauƙi. In an same su, ba abin da ya kai shi dacewa da ƙasa. Katsi ya yi wuya yanzu da marinu suka ragu, don haka a yi magana da marina tun da kaka a ce a tara muku. In bai samu ba, a yi da ƙasa mai kyau da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, a san cewa za a riƙa sabuntawa a kai a kai. Rufe soro da kwano yana da amfani a matsayin agajin gaggawa, in damina ta kama ku ba shiri. Amma ya zama akwai sarari tsakaninsa da ƙasar da iska za ta ratsa, da ƙofar da mutum zai leƙa, don kwano na ɓoye ɓarna.

Gindin bango, da maganar siminti

Ku zagaya gidan ku duƙa ku dubi ƙasan bango, daga ƙasa zuwa gwiwa. Za ku ga wurare sun yi duhu, ko sun yi fari-fari kamar an barbaɗa kanwa, in an shafa sai gari ya zubo. Danshi ne ke hawowa daga ƙasa ɗauke da gishiri. Ruwan ya bushe, gishirin ya tsaya yana farfasa ƙasar. Sannu a hankali gindin ya rarake, bango mai nauyi ya koma tsaye a kan siririyar ƙafa.

Kafin a gyara a nemo inda ruwan ke fitowa. A cikin birni sau da yawa titi ne: an zuba kwalta, an gina kwalbati, hanya ta fi daɓen zaure tudu, ruwa ya juyo gida. Wani lokaci famfo ne mai ɗiga, ko wurin alwala, ko shaddar maƙwabta, ko furannin da aka shuka a jikin bango ana ba su ruwa safe da yamma. A kawar da furannin. A gyara ƙasar da ke kewaye ta gangara waje, kamar santimita 5 a kowace mita, har mita biyu. Darbejiya da ta matso ƙasa da mita biyar a sa ido a kan saiwarta.

Sai siminti. Mutum ya ga gindin bango na zuba, ya kira birkila ya shafe da siminti, ya yi fenti, kowa ya ce gida ya yi kyau. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Bangon ƙasa numfashi yake yi, yana shan danshi yana fitarwa. Siminti ya toshe masa hanya, danshin ya taru a baya ya haura sama da inda simintin ya tsaya. Kuma siminti ba ya mannewa da ƙasa. Rana ta buga, ya tsage kamar gashi, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa mafita. Ku ƙwanƙwasa irin wannan shafe da bayan wuƙa: in ya yi ƙara kamar ganga, bayansa rami ne, kuma sau da yawa gara ta riga ta tare. Haka tayil a ƙasan ɗaki da daɓen siminti a tsakar gida har jikin bango: danshin da ya kamata ya fita ta ƙasa, sun kore shi cikin bango.

Cire siminti sai da lallami. Da rani, da kurfi da ƙaramar guduma, ba da diga ba, murabba'in mita ɗaya a lokaci guda, a bar wurin ya sha iska mako biyu ko uku kafin a mayar da yaɓe.

Raraken gindi kuwa, in zurfinsa bai wuce santimita 5 ba, yaɓe hawa-hawa ya isa. In ya wuce, ɗanyar ƙasa ba ta yi, don tana bushewa za ta tsuke ta bar rata, nauyin bango bai sauka a kanta ba. Busasshen tubali ake jerawa. A tokare bangon tukuna. A kankare ruɓaɓɓiyar ƙasa har a kai mai tauri, a daidaita ramin ya yi kusurwa, a yayyafa ruwa, a jera tubali da ɗan kwaɓi, a matse na sama sosai. Kada a buɗe fiye da mita ɗaya a tare: a yi mita ɗaya, a tsallake biyu, a yi ta gaba, sai waɗannan sun bushe a dawo kan na tsakiya. Wanda ya rarake gindin bango daga kusurwa zuwa kusurwa a rana ɗaya, yana wasa da ran ma'aikatansa ne. Dakali na ƙasa a gindin bango kariya ce mai kyau: shi zai sha duka, a sake shi cikin sauƙi.

Ƙasa, kwaɓi da yaɓe

Ƙasar da ta fi dacewa ita ce irin wadda aka yi ginin da ita. Ƙasar da ta zubo daga tsohon bango ana iya sake kwaɓa ta, ban da ta gindi mai gishiri. Wannan a kwashe a kai nesa. Sabuwar ƙasa a ɗebo ta ƙarƙashin fatar sama, ba ta noma mai taki da saiwoyi ba. A gwada ta: a kwaɓa, a mulmula kamar rogo mai kaurin santimita 3, a riƙa turo shi daga tafin hannu har ya karye. In guntun da ya faɗi bai kai santimita 5 ba, yashi ya yi yawa, yaɓen zai zube. In ya wuce 15, yumɓu ya yi yawa, zai tsattsage. Tsakanin nan ake nema.

Ko gwani ya ce ƙasar ta yi, a yi gwaji a bangon da ba ya fuskar jama'a. Faci huɗu, kowanne rabin mita da rabin mita: ƙasa zalla, ƙasa uku yashi ɗaya, ƙasa biyu yashi ɗaya, sai ɗaya da ɗaya, duk da yankakkiyar ciyawa daidai wa daida. Bayan mako guda a duba wanda bai tsage ba, bai kuma zubar da gari in an goga hannu ba. A watsa musu ruwa da buta a ga wanda ya jure. Shi ne awonku, a rubuta a littafi da bokiti, ba da "kamar haka" ba.

Kwaɓi ba na rana ɗaya ba ne. A jiƙa ƙasar, a zuba ciyawar da aka yanka guntu-guntu kamar tsawon yatsa, wasu na ƙarawa da kashin doki ko na jaki, a tattake da ƙafa, a rufe. A riƙa dawowa ana yayyafa ruwa ana sake tattakawa, mako ɗaya zuwa biyu, har ta ruɓa ta yi danƙo da wari. Ɗan kwangilar da ya kwaɓa da safe ya yaɓa da azahar, aikinsa ba zai ga damina biyu ba. Tubalin da aka cura a ba shi kamar mako biyu a rana, a karya ɗaya a ga cikinsa ya bushe.

Wajen yaɓe, a goge bango da tsintsiya mai tauri, a yayyafa ruwa ya jiƙa amma kar ya yi caɓi. A jefa ƙasar da ƙarfi ta kama, a bi da tafin hannu. Kowane hawa kar ya wuce santimita 2. Mai kauri nauyinsa ke ɓanɓaro shi. A bar na farko da kaushi, ya bushe, kafin na biyu. Hawa na ƙarshe ne ake haɗawa da makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka daka aka jiƙa har ruwan ya yi ja-ja-baƙi. Shi ke sa ruwa ya zame, shi ke ba bangon launin nan da aka san tsofaffin gidajen Kano da Zariya da shi. Shatin yatsu da magini ke bari a jikin yaɓe yana daga cikin kamannin gidan, kar a sa cokalin birkila a goge shi sumul. Iskar hunturu na busar da yaɓe da gaggawa ya tsage, don haka a yi aikin da safe, a rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a gaban wurin kwana biyu.

Zanen bango, dagi ne ko wani, ba a sake shi don ya tsufa. A ɗora takarda mai shara-shara a kwafe shi, a cike inda ya ɓalle kawai. Fentin mai haramun ne a nan, yadda siminti yake. Farar ƙasa da ɗan ƙaro ta isa. Daɓen ɗaki ma a mayar da shi yadda yake, birji da ruwan makuba da madaɓi. Da can aikin mata ne, da waƙoƙinsa, kuma ranar da za a yi shi ta cancanci a gayyato 'yan makaranta su gani.

Tsaga, azara da gara

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ruwa ma haka. Amma ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Ƙananan da suka bazu kamar bayan kunkuru a fatar yaɓe suke. Wadda ake tsoro ita ce doguwa da ta ratsa ciki da waje, ko ta kusurwa inda bango biyu ke rabuwa, ko wadda ta fi faɗi a sama. A kafa ƙusa biyu, ɗaya kowane gefe, a auna tsakaninsu da milimita ranar ɗaya ga kowane wata, har a ratsa damina guda. In awon bai motsa ba, tsohuwar tsaga ce, a ɗinke ta: a sassaƙa gurbi a gicciye kowace rabin mita, a kwantar da guntun azara mai tsawon kamar mita ɗaya, a cike da tubali da kwaɓi. In tana ƙaruwa, ɗinki ɓata lokaci ne. Harsashi ke motsi ko rufi ke tura bango, a tokare, a rufe ɗakin, a kira gwani da injiniyan da ya san ginin ƙasa.

Azara daga giginya ake tsaga ta, kuma ta namijin giginya da ya tsufa, mai duhu da nauyi, ita gara ke shakka. Ba ta ɗaukar rufin ƙasa in tazara ta wuce kamar mita 1.8, shi ya sa magina suka ƙirƙiro tauyi, wato guntayen azara da ke fitowa daga bango su tallafi rufi, da bakan gizo da ɗaurin guga, wato baka ta gini da ke ɗaukar rufi, don su faɗaɗa ɗaki. Wanda ya taɓa ganin aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, na zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ya san inda wannan fasaha ta kai. Abin lura shi ne, baka ba ƙasa zalla ba ce. Azara ce aka ɗaure hawa-hawa aka lulluɓe da ƙasa. Tsaga a jikin baka, musamman kusa da inda ta fito daga bango ko a ƙoli, labarin iccen ciki take bayarwa. Shafe ta rufe bakin mai ba da labari ne.

Kan azara da ke binne cikin bango shi ke fara ruɓa. A ƙwanƙwasa, a soka basilla kusa da bango. In ta shige ba gardama, ta mutu. Sauyawa ɗaya-ɗaya ake yi: a tokare daga ƙasa da katako a kan faffaɗan allo, a rage ƙasar rufi daga sama, a zare, a sa sabuwa, a mayar da zana ko asabari, sannan ƙasa hawa-hawa. Ba a cire tokara sai komai ya bushe. Azara mai kyau ta yi tsada kuma ta yi wuya, don haka gida ya riƙa ajiye 'yan guda a inuwa, a kan duwatsu, ba a ƙasa ba.

Gara danshi take bi. In an ga hanyarta a bango, a kankare, a rubuta rana, a dawo bayan kwana uku. In ta sake ginawa tana nan da rai. A bi sawu a nemo shurin, a haƙe har a fitar da uwar. Magani a bar wa masu sana'ar, a zuba a ƙasar kewaye, kar a tuttula ruwan magani cikin bango. Baƙin mai na mota da wasu ke shafa wa azara yana ɓata ta har abada, yana kuma ƙara haɗarin gobara.

Kayan da ke ciki da masu zuwa kallo

Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi na bulo riƙe sanyi daidai, wannan alheri ne ga kaya. Kada a fasa bango don na'urar sanyaya ɗaki. Ruwanta na ɗiga a gindi, kuma ɗauke wuta da kawowa na sa ɗakin ya yi ta hawa da sauka tsakanin sanyi da zafi, abin da fata da icce ba sa so. A sayi ɗan ma'aunin laima a rataya. In ya zauna sama da 65 cikin ɗari kwanaki a jere da damina, fumfuna na tafe: a buɗe tagogi da rana in gari ya washe, a kunna fanka.

Kome a ɗaga shi daga ƙasa santimita 15, a janye daga bango kamar tafin hannu biyu, don iska ta wuce kuma a ga gara. Kowane abu da lambarsa, mai nuna shekara da rukuni da matsayinsa a cikin rukunin, a rajista mai kwafi biyu, ɗaya a wani gini dabam. Takarda da fensir ake sa mata lamba, tufa kuma a ɗinka mata ɗan ƙyalle.

Rubutun hannu na ajami da Larabci tawadarsa ruwa na wanke ta. Ba a manna masa salatif, ba a like shi cikin roba da zafi, ba a barin sa buɗe a shafi ɗaya shekara da shekaru. A ɗauki hotonsa a nuna hoton. Babbar riga da saƙi, rana ce ke cin launinsu, kuma abin da ya koɗe ba ya dawowa. A nisanta su da taga, a sauya wadda ke waje duk wata uku zuwa shida, a ajiye sauran a shimfiɗe ko a naɗe da farin ƙyallen auduga da aka wanke, don kan ninki ne zare ke karyewa. In asu ya shiga tufa, a sa ta a leda a fitar da iska a ɗaure, a saka a firiza mai sanyin 20 ƙasa da sifiri mako biyu, a fito da ita a bar ta kwana guda kafin a kwance. Fiya-fiya ba ta da wuri a gidan tarihi, tana cutar da kaya da mai gadin kayan. Takobi da mashi a goge su da busasshen ƙyalle, kar a kankare da yashi don su yi ƙyalli. Sirdi da kube da sauran kayan fata kar a shafa musu man gyaɗa ko man shanu. Ƙwari yake kira.

Wayar lantarki ta bi cikin bututu a fuskar bango, ba a binne ba, kuma nesa da azara da zana. Janareta ya zauna can nesa da gini. Kowane sashe da tukunyar kashe gobara da bokitin yashi. 'Yan makaranta a shigar da su goma sha biyar-goma sha biyar, malami a gaba ma'aikaci a baya, don kafaɗa da jakar goyo su ke cinye zanen ƙofa. Bene kuwa mutum biyar sun isa. Masu biki da ke son hoto a tsakar gida suna kawo kuɗin shiga, amma manyan lasifika da ƙusa a bango ba sa cikin ciniki.

Yadda shekara ke tafiya

Da ruwa ya ɗauke, Oktoba zuwa Nuwamba, a zagaya da littafi a rubuta ɓarnar damina, a jera ta bisa haɗari: rufi da azara tukuna, sai gindin bango, ado a ƙarshe. A lokacin ne kududdufi ke da ruwa, ciyawa ta bushe, a tara kaya. Ɓawon ɗorawa kuwa tun lokacin da ake sauke ta da bazara ake sayensa a adana. Babban aiki daga Disamba zuwa Maris. A Afrilu a gama fatar rufi da indararo, a yi gwajin bokiti. Kuɗin wannan ya zama layi na dindindin a kasafin kowace shekara. Jiran babbar kwangila duk shekara goma shi ke kawo birkila da siminti. Kuma duk aikin da za a ba gwani, a sa sharaɗin ya zo da yara biyu masu koyo, a biya su, a rubuta sunayensu a littafin gidan.

Da damina aikin na ido ne. Duk ruwan da aka yi mai ƙarfi, ko ranar hutu ce, wani ya zo cikin awa ashirin da huɗu ya shiga kowane ɗaki da tocila, ya ɗaga kai ya dubi azara, ya shafa kusurwoyi, ya shinshina. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a ɗakin da ke rufe alama ce ko ba a ga ɗigo ba. A tanadi tamfol biyu, tokara shida, tsani, da kwaɓaɓɓiyar ƙasa a rufe a wani lungu. In an ga yoyo, a fara janye kayan da ke ƙarƙashi, a sa bokiti, a jira rufin ya sha iska ya ɗauki mutum, sannan a hau a buɗe indararo a shimfiɗa tamfol. Rana na fitowa a yaye shi, don tamfol da ya kwana uku a kan jiƙaƙƙen rufi ruɓar da azara yake yi.